Kurakuran da masu koyon zanen ƙugiyar fatsa mai gashin tsuntsu ke ta maimaitawa

Matasan da ke kawo mini zanensu in duba a nan Sakkwato sun kamu da sha'awar wani abu da ba mu saba da shi ba: ƙugiyar fatsar nan da Turawa ke ɗaure wa gashin tsuntsu da zare, ta fito kamar ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi, a jefa ta ruwa ba tare da an sa mata koto ba. A waya suka gan ta, suka ga kuma akwai masu zana ta da fenti su sa a gilashi su sayar. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Ƙaramin abu ne mai launi iri-iri, yana koya wa hannu nutsuwa, kuma wanda ke kaffa-kaffa da zanen abu mai rai ya samu inda zai horar da kansa hankali kwance. Abin da ya ishe ni shi ne, duk wanda ya buɗe jakarsa sai in tarar da kuskuren da na gama gyara wa na gabansa. Gara in rubuta su wuri guda.

Babbansu, wanda sauran duk daga cikinsa suka fito, shi ne kwafa daga fuskar waya. Yaro zai sauko da hoto, ya jingina waya da kofi, ya zauna ya kwaikwayi launuka. Bai taɓa riƙe ƙugiya irin wannan a hannu ba, bai san me aka fara ɗaurawa ba, bai san me ke riƙe da me ba. Sai ka ga gashi ya tsiro daga tsakiyar ƙarfe, ba zaren da ya kama shi. Ka ga fiffike yana lilo a sama, bai haɗu da kai ba. Launi ya yi kyau, amma duk wanda ya san abin da kallo ɗaya zai gane cewa wannan ba za ta ɗauru ba, balle ta shiga ruwa.

Ita wannan ƙugiya ginin ta ake yi, kuma ginin yana da tsari. Daga baya ake farawa, wajen lanƙwasa, a zo gaba zuwa ido, wato ɗan ramin da ake zura igiyar fatsa. Wutsiya tukuna, sai jiki, sai zaren azurfa da ake naɗawa a karkace kan jikin, sai gashin wuya, sai fiffike, daga ƙarshe a tattara komai a ɗaure a kai, a shafa masa abin da zai sa ya yi ƙyalli ya daskare. Ma'ana duk abin da ya zo daga baya yana kwance ne kan wanda ya riga shi. In ka san haka, fensirinka zai san wane layi ne zai ɓuya a ƙarƙashin wane. Ku ɗauki wadda ake kira Jock Scott, da wani ɗan Sikotilan ya ƙirƙira a tsakiyar ƙarni na 19 don kama kifin salmon, wadda kusan kowane ɗalibi ita yake fara kawo mini saboda kyanta. Rabin jikinta na baya rawaya ne, na gaba baƙi, akwai baƙin gashin jimina da ya raba su, wutsiyarta da abin da ya lulluɓe fiffiken daga sama na tukkun wani tsuntsun ƙasar Sin ne mai ruwan zinari, a maƙogwaronta kuma gashin zabo ne. Zabo dai namu, wanda ake figewa kullum a kasuwa. Amma yaron da gidansu akwai zabi sai ya zana wannan gashin kamar bai taɓa ganin zabo ba, don hoton da ya kwafa ya dushe a daidai wurin.

Maganin da nake bai wa kowa ba ya cin kuɗi. Ka je wurin masu figar kaji, ka roƙi gashin wuyan zakara da na zabuwa da na agwagwa, ka wanke da sabulu ka shanya a inuwa. Ka sayi ƙugiya manya wajen masu sayar da kayan kamun kifi, ka karɓi ragowar zare wajen tela ko mai ɗinkin hula. Ka ɗaura guda da hannunka. Ba sai ta yi kyau ba, kuma ba za ta yi ba. Ranar da gashi ya kuɓuce maka a yatsa saboda ba ka matse zaren ba, daga ranar ba za ka ƙara zana fiffike yana lilo ba. Ni ba na karɓar zanen ɗalibi in duba sai ya ajiye mini wadda ya ɗaura a gefensa. Wasu abokan sana'a na ganin na tsananta, ni kuma ban ga wata hanya da ta fi wannan sauri ba.

Tunda an ambaci zabo, bari in tsaya a kansa, don nan ne nake gane wanda ya duba da wanda ya yi zato. Ɗigon da ke jikin gashin zabo ba watsa shi aka yi ba. A jere yake, layi bayan layi, yana bin tsinken tsakiya, kuma kowane ɗigo ya ratsa silin gashi da yawa ne. Saboda haka da zarar an naɗa gashin a ƙugiya silin ya rarrabu, ɗigon sai ya karye, ya koma gajerun zane-zane fari da baƙi a kan kowane sili. Wanda ya zana gashi baƙi ƙirin sannan ya tsoma tsinken ashana a farin fenti ya ɗiɗɗiga, ya ɓata aikinsa. Ni sili-sili nake ja da burushi mafi siriri, ina ɗaga hannu ina barin farin takarda a inda fari yake.

Sai ita kanta ƙugiyar. Mutane na ɗokin su kai ga gashi, sai su ja ƙarfen da layi ɗaya kamar alamar tambaya. Ƙarfen nan shi ne ƙashin zanen. Yana da ido, da miƙaƙƙen jiki, da lanƙwasa, da tsini, da ɗan haƙorin nan da ke hana kifi zamewa, kuma kaurinsa ɗaya ne tun daga ido har ya kusa tsini. In ka bar shi ya yi kauri a lanƙwasa ya sirance a jiki, komai kyan gashin, ido zai ji akwai abin da bai zauna ba. Ka zana shi cikakke da fensir, har ɓangaren da zare zai rufe, kafin ka ɗora komai. In tsohuwar ƙugiyar salmon kake kwaikwayo, ka duba da kyau, da yawansu ba su da idon ƙarfe, wani ɗan madauki ne aka ɗaura a gaba. In kuma za ka rubuta lamba a ƙasan zanen, ka sani a ƙananan ƙugiyoyi lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa: mai lamba 14 ba ta kai mai lamba 8 girma ba.

Na biyu cikin manyan, wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci, shi ne raina takarda da raina yanayin garin nan. Wani bawan Allah ya taɓa ba ni aikin jerin zane da zai kai tsaraba, ya biya rabin kuɗi, muka sa rana. Lokacin hunturu ne, na yi aikin a kan farin kwalin nan da ake sayarwa a shagunan littattafai, taga a buɗe don in samu haske. Kwalin ya sha ruwa ya kumbura ya yi tudu da kwari, fenti ya gangara ya taru a kwarin, ƙurar da ba a gani kuma ta sauka kan ɗanyen fenti ta zauna daram. Rawaya ta koma ruwan ƙasa. Da mutumin ya zo ya ɗaga ɗaya ya duba a haske, bai ce komai ba, ya ajiye. Na mayar masa da kuɗinsa, kuma bai sake dawowa ba. Shi ya sa in na ga yaro ya kwashe mako yana aiki a kan wannan kwalin nake ɗaga murya. Kana da kuɗin sayen data kana kallon zanen wasu dare da rana, amma takarda guda ta kirki ta gagare ka?

Fentin ruwa takardarsa yake so, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, kuma mai santsi, don mai gurzau tana karya siririn layi. Tana da tsada, gaskiya ne, amma wannan zane ƙarami ne, falle ɗaya babba in ka yanka zai ba ka aiki da yawa. Ka manne gefunanta huɗu a kan katako kafin ruwa ya taɓa ta. Game da yanayi kuwa, abin da masu koyarwa a bidiyo ke faɗa na ƙasarsu ne mai laima. Su suna jiran fenti ya bushe, mu muna tsere da shi. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kafin ka kai burushi daga faranti zuwa takarda bakinsa ya fara bushewa, sai layi ya fito a kakkarye. Ni daga sallar asuba zuwa hantsi nake fenti, bayan nan sai aikin fensir. Da hunturu ina rufe taga, in rataya jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙofa, in kife faranti a kan aikin duk lokacin da na tashi, ko da ruwa zan sha. Ina kuma ɗiga zuma kaɗan a fentin da na dama, tana riƙe danshi. Kaɗan na ce, in ta yi yawa fentin ba zai bushe ba kuma tururuwa za ta same shi. Wanda ya yi makarantar allo ya san aikin ƙaro a tawada, to shi ne dai ke riƙe fentin ruwa a takarda, in fentinka mai arha ne yana gogewa bayan ya bushe, jiƙa ƙaro ka tace ka ƙara masa ɗigo.

Akwai wani kuskuren da ba na hannu ba ne, na rashin sanin gida ne, kuma yana ba ni haushi fiye da yadda zan iya faɗa. Yaro zai zana ƙugiyar salmon, sai ya yi mata bango da masunta a Matan Fada, ya rubuta Argungu a ƙasa don ya burge mai saye. Bikin Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, da homa da gora ake shiga ruwansa. Kifin salmon kuma ba ya kogin Rima, ba ya tafkin Kware, ba ya madatsar Goronyo. In kana son kifi a gefen zanenka, ka zana wanda ƙugiyar ta dace da shi, ko ka bar ta ita kaɗai. In kuwa namu kake so, to ka je ka dube su: tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki kuma gashin bakinta takwas ne, giwan ruwa wutsiyarsa a zagaye take ba a tsage ba. Homa da gora da ƙugiyar masuntanmu su ma sun isa a zana su don kansu, kuma har yanzu ban ga wanda ya zauna ya yi musu aikin da ya kamace su ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka zagaye gashi da baƙin biro, gashi ba shi da iyaka mai kauri. Ƙyallin ƙarfe da na zaren azurfa farin takarda ne da ka bari tun farko, wanda aka shafa daga baya da farin fenti a mace yake fitowa. Zaren azurfar nan gefe ɗaya yake karkata daga baya har gaba, kuma a al'adar masu ɗaura na salmon naɗi biyar ake yi wa jiki, ba sai ka cika shi ba. Ƙugiyar da aka yi don ta tsaya a saman ruwa gashin wuyanta a miƙe yake, mai tauri, na zakara. Wadda aka yi don ta nutse nata mai laushi ne ya kwanta baya, kada ka haɗa su. Gashin ɗawisu kore ne da ruwan tagulla a kan duhu, launi ɗaya ba ya fitar da shi. Haske daga gefe ɗaya, inuwa ɗaya, siririya. Kofin ruwa biyu, ɗaya na wanke burushi ɗaya na damawa.

In aiki ya kammala kada a rataye shi inda rana ke bugawa, ja da shunayya na fenti mai arha su ke fara kodewa. Wanda ba a sa a gilashi ba a ajiye shi cikin leda a saman kabad, nesa da bango, saboda gara. Sa hannu kuma da fensir, ƙarami, a kusurwar ƙasa, tare da sunan ƙugiyar in tana da suna, don mai saye daga waje shi yake fara tambaya kafin ya tambayi kuɗi.