Yadda na sa journalctl ya daina mantawa da abin da ya faru kafin kwamfuta ta mutu

Alhamdulillahi, wannan matsala ta kau. Kwamfutar tebur da nake aiki da ita, mai tsarin Linux, ta riƙa mutuwa ba zato ba tsammani, kuma duk sanda na kunna ta na rubuta umarnin journalctl -b -1 domin ganin rajistar zaman da ya gabata, wato bayanan da kwamfutar ta rubuta na abin da ya faru daga kunna ta zuwa mutuwarta, sai in tarar babu komai sai na zaman da nake ciki.

Da farko na zargi GNOME Logs, manhajar duba rajista, na cire ta na sake sakawa, bai yi amfani ba. Na kuma ɗauka rashin izini ne, na gwada da sudo, umarnin da ke ba da cikakken izini, nan ma haka.

Ashe babu jakar /var/log/journal a kwamfutar. Idan saitin Storage, wanda ke zaɓar inda za a ajiye rajista, yana kan auto kuma babu wannan jaka, ana rubuta rajistar ne a /run/log/journal, wato cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke. Sai na buɗe fayil ɗin saitin, /etc/systemd/journald.conf, na cire alamar # (wadda ke hana layi aiki) daga layin Storage, na mayar da shi Storage=persistent, sannan na sa SystemMaxUse=500M don kada rajistar ta cinye faifai. Daga nan na rubuta sudo systemctl restart systemd-journald domin sake kunna manhajar da ke rubuta rajistar.

Da ta sake mutuwa, journalctl --list-boots ya nuna zama biyu, kuma layukan ƙarshe na zaman farko sun nuna zafi ne ya kai matuƙa. Da na buɗe akwatin, ƙurar hunturu na tarar ta toshe fankar.