Yadda za ka hana Kubuntu neman kalmar sirrin faifai da zarar ka shiga

Idan Windows da Kubuntu suna zaune a kwamfuta ɗaya, wataƙila ka gaji da akwatin nan da ke tare ka yana neman kalmar sirri. KDE Plasma, wato manhajar da ke ba Kubuntu fuskarta, ne ke ƙoƙarin haɗa (wato buɗe) ɓangaren Windows na faifan da kansa, shi kuwa faifan ciki ba ya haɗuwa sai da izinin mai gudanarwa.

1. Buɗe System Settings.

2. A Plasma 6, shiga Disks & Cameras, sannan Device Auto-Mount. A Plasma 5.27 na Kubuntu 24.04 kuwa, Removable Storage za ka shiga, sai Removable Devices.

3. Nemo faifan a jerin, ka cire alamar da ke ƙarƙashin On Login. Duba layin All Known Devices ma, domin in yana da alama a ƙarƙashin On Login, shi ke rinjaye, sai ka cire ta. Nan ne ake yawan tuntuɓe. Ni dai ina barin On Attach yadda yake, don filashi ya riƙa buɗewa da kansa.

4. Danna Apply, ka fita, ka sake shiga.

Faifan na nan a Dolphin, manhajar duba fayiloli, sai ka danna shi zai nemi kalmar sirri.