Yadda za ka binciko tarihin NEPU a ƙasar Sakkwato

Ɗalibai kan tambaye ni ta ina za su fara in suna son rubutu a kan Jam'iyyar Neman Sawaba, wato NEPU, a nan ƙasar Sardauna inda jam'iyyarsa ta NPC, mai mulkin Arewa a lokacin, ta yi kaka-gida. Nakan ce su fara da tsofaffi, takarda ba ta mutuwa da wuri.

Kafin ka durƙusa gaban dattijo, ka san jigon labarin. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule. Lokacin Malam Aminu Kano na koyarwa a Maru, cikin Lardin Sakkwato. Bayan ya ajiye aiki ne ya rungumi siyasa, har ya shugabance ta. Sojoji suka soke jam'iyyu a 1966.

Kada ka ce, "Baba, kai ɗan NEPU ne?" Wanda ya sha ɗauri saboda katin jam'iyya ba ya sakin baki haka nan. Tambaye shi haraji da jangali, da yadda 'yan doka ke kai mutum gaban alƙalin En'e, wato hukumar sarakuna ta wancan zamani, don ya yi lacca ba izini. Tambaye shi su wa ke kiran "Sawaba" ta NEPU a unguwarsu, su wa ke kiran "Salama" ta NPC, wa ke bin tauraro, alamar NEPU, wa ke bin fartanya, alamar NPC. Nemi tsofaffin teloli da mahauta da 'yan koli, ka kuma leƙa Gusau da Ƙaura Namoda, garuruwan jirgin ƙasa. Kada ka tsallake iyayenmu mata. Ba su da ƙuri'a a Jamhuriya ta Farko, amma su suka riƙe gida ana ɗaure mazansu, kuma ba Hajiya Gambo Sawaba kaɗai ta sha wuya ba.

Sannan takardu: Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan gida, gidan adana takardun ƙasa da Arewa House a Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano. Ka tuna fa, Di'o, wato jami'in gwamnati mai kula da yanki, da ma'aikatan En'e ne suka rubuta yawancin fayilolin, kuma a wurinsu ɗan NEPU mai ta da zaune tsaye ne.

Nemi izini kafin ka ɗauki murya. In dattijo ya manta shekara, tambaye shi: kafin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 ne, ko bayan 'yancin kai a 1960?