Darasi na 9: Ɗaukar Hoto da Aikin Sa Kai a Bikin Kalankuwa

Idan kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, garuruwa da yawa a ƙasar Hausa sukan yi kalankuwa. Samari da 'yanmata su ci ado, makaɗa su zo, dandali ya cika. Biki irin wannan ba ya tafiya sai da masu aikin sa kai, wato masu taimakawa ba don a biya su ba. Wasu su kafa rumfa, wasu su shimfiɗa tabarmi, wasu su raba ruwan sha. In kana da waya mai kyamara, kai ma ga naka aikin.

Tun ana saura kwana biyu ka sami sarkin samari ko shugaban kwamiti. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so in taimaka da ɗaukar hoto." Shi zai nuna maka inda za ka tsaya, ya kuma gaya wa makaɗa cewa kai na gida ne.

A jajibere ka cika waya da caji, ka goge tsofaffin bidiyo don a sami wuri. Ni na taɓa yin sakaci da wannan: wayata ta mutu daidai lokacin da aka fara liƙi, na koma ɗan kallo. Ka riƙe ƙyalle mai laushi a aljihu. Lokacin hunturu ne, ga ƙurar masu rawa, gilashin kyamara ba ya jimawa yake dushewa.

Yanzu sai maganar haske, nan ne mutane suka fi kuskure. Rana ta kasance a bayanka, tana haska fuskar wanda kake ɗauka. In tana gabanka, mutumin zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Da tsakar rana hula da rawani sukan rufe ido da duhu. Mafi kyawun lokaci shi ne bayan la'asar. Da dare kuwa, ka jira mawaƙi ya matso kusa da ƙwan janareta. Kada ka dalle masa ido da fitilar waya yana tsakiyar waƙa.

Kada ka ja hoto daga nesa da yatsa, yana fashewa. Ka taka da ƙafarka ka matsa. Dubi mai kalangu: ya saƙale shi a hammata, yana matse tsarkiya yana saki, muryar kiɗan tana hawa tana sauka. Wannan hannun za ka ɗauka. Dubi mai algaita, kumatunsa sun kumbura. Dubi mai goge da yatsunsa a kan izgar doki. Hoton taro daga nesa kowa yana da shi, wannan kuwa sai wanda ya durƙusa kusa. Amma kada ka gifta tsakanin mawaƙi da 'yan amshinsa, kada kuma ka tsaya ƙerere a gaban dattawa.

Kafin ka ɗauki mace ko yaro, ka nemi izini. "Hajiya, in ɗauka?" In ta ce a'a, ka sauke waya. Wadda ta yarda a ɗauke ta ma, ba lalle ta yarda a sa ta a Facebook ko WhatsApp ba, sai ka sake tambaya. In kuma ka ga yaro yana kuka ya ɓace wa uwarsa, waya ta koma aljihu, ka kai shi wurin mai lasifika a yi cigiya.

Aiki: Zaɓi hotuna 3 da ka ɗauka. A littafinka, rubuta sunan makaɗin, da sunan abin kiɗansa, da garin, da kwanan wata. Karanta wa na kusa da kai, shi ma ya karanta maka nasa.