Yadda Ake Bibiyar Tsuntsaye 'Yan Ci-rani a Kaduna

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewayen Kaduna ko Zariya ya san cewa ranar da aka wayi gari aka ga shamuwa ta sauka a kan rimi ko tsamiya, lokacin sharar gona ya yi, domin ruwa ya kusa. Wannan sani na manoma shi ne tushen aikin masana tsuntsaye, sai dai su suna rubuta rana da wuri da adadi, kuma duk mai haƙuri zai iya yin hakan da ɗan littafi da biro.

Da farko ya kamata mai farawa ya rarrabe baƙin, domin ba hanya ɗaya suke biyowa ba. Shamuwa baƙuwar damina ce. Daga kudancin Afirka take tasowa, ta iso mana wajen Afrilu ko Mayu, ta yi sheƙa a cikin gari, ta ƙyanƙyashe, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsa, sannan ta juya idan ruwa ya ɗauke. Baƙin rani kuwa daga Turai da Asiya suke, inda sanyi ke ƙarar da ƙwarin da suke ci. Suna fara isowa a Satumba da Oktoba, su koma a Maris da Afrilu, kuma ba sa yin sheƙa a nan, abinci kawai ya kawo su, kamar dai ɗan ci-rani da ya bar iyali a gida. A cikinsu akwai agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa masu dogayen ƙafafu da kuma tsattsewar Turai, wadda ake ganewa da jan maƙogwaro da farin ciki da doguwar wutsiya mai rassa biyu. A kula cewa ba kowace tsattsewa ce baƙuwa ba, wadda ke gina ɗakinta na laka a ƙarƙashin gada 'yar gida ce. Ita kuma shirwa tafiyarta gajera ce, takan cika sararin mahauta da kasuwanni da rani, ta ragu sosai idan damina ta yi tsakiya saboda ta matsa arewa.

Daga nan sai a zaɓi wuri guda a riƙe shi. Bakin Kogin Kaduna ta wajen Gamji ko Unguwar Rimi yana da kyau idan ruwa ya janye, yashi da duwatsu suka fito, haka ma fadamun da ake noman rani, da madatsar ruwa ta Kangimi, da ta Kubanni a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Dajin Kamuku na Birnin Gwari yana da tsuntsaye masu yawa, amma ba wurin da za a nufa ba ne sai an tabbatar da lafiyar hanya. A ganina, kududdufin bayan unguwa da mutum zai iya leƙawa kowane mako ya fi daji mai nisa da zai je sau ɗaya a shekara, domin ba a gane ƙaura sai an san abin da ke wurin jiya, aka ga yau babu shi.

A fita bayan sallar Asuba zuwa hantsi, ko bayan La'asar, a tsaya rana tana bayan mutum. A bar farar riga a gida, a sa tufafi masu launin ƙasa, a rage motsi da magana. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar ga wanda ke da hali. A Disamba da Janairu hazo yakan dushe launi, saboda haka a dogara da girman tsuntsu da siffar bakinsa da yadda yake tafiya ko kaɗa wutsiya.

Littafin nan shi ne ainihin aikin. A kowace fita a rubuta kwanan wata da wuri da abin da aka gani da yawansa, idan garke ne a ƙirga goma na farko sannan a kimanta sauran goma-goma. A yi amfani da kalandar miladiyya, domin tsuntsu da rana da ruwan sama yake tafiya, watannin Musulunci kuwa suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ranar fara ganin baƙo tana da sauƙin kamawa. Ranar tafiyarsa ce mai wuya, tunda ba ya sallama, don haka dole a riƙa rubuta har ranakun da aka je ba a gan shi ba. Idan suna ya shige duhu, a zana siffar ko a ɗauki hoto da waya, a tambayi masunta da makiyaya, waɗanda suka fi yawancin 'yan birni sanin halin tsuntsu, tare da tuna cewa sunan da ake kira a Zazzau yana iya bambanta da na Sakkwato.

Watannin Maris da Afrilu suna buƙatar kulawa ta musamman, domin a lokacin ne ƙananan baƙin ke ci ba ji ba gani don tara kitsen da zai tsallakar da su Sahara, tafiyar da ta haura kilomita 1,500, yawancinta kuma da dare. Korar su daga wurin kiwo a wannan lokaci cutarwa ce, kuma yana da kyau a lallashi yaran unguwa su ajiye danƙo. Wanda ya ga tsuntsu da zobe a ƙafa, irin wanda masu bincike ke saka wa tsuntsaye don bin sawun tafiyarsu, ya kwafi lamba da rubutun da ke jiki ya sanar da cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos, wadda kuma ke tattara bayanan masu sa-kai daga sassan Najeriya ta manhajar BirdLasser. Mataccen tsuntsu kuwa ba a taɓa shi da hannu, musamman idan sun mutu da yawa a wuri ɗaya, sai dai a sanar da likitan dabbobi. A Jaji ta ƙaramar hukumar Igabi aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a Afirka, a Fabrairun 2006, kuma masu kiwon kaji a jihar nan ba su manta ba.

Bayan an yi rani ɗaya ko biyu ido ya saba, sai a shirya tafiya fadamun Haɗeja da Nguru, musamman Dagona a Jihar Yobe, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da agwagin Turai ke taruwa dubbai a kan ruwan da ambaliya ta bari. A tafi da littafin, a kuma nemi ɗan jagora daga mutanen wurin kafin a shiga kwalekwale.