Babi na 6: Idan Kaza Ba Ta da Lafiya

Darasi na 1: A gane ta, a ware ta

Da safe in kun buɗe akurki, ku ɗan tsaya ku duba. Kaza mai lafiya rige-rigen fita take yi. Wadda ta tsaya a lungu ta takure, gashi a tashe, fukafukai a sake, ido a lumshe, ba ta da lafiya. Ku dubi kashinta. Kore ne mai ruwa-ruwa? Tana buɗe baki tana numfashi da ƙyar? Wuyanta ya murɗe? Waɗannan alamun fakat ne, cutar da ke share kaji in hunturu ya shigo.

Abu na farko, a ware ta. Warewa na nufin a ɗauke ta daga cikin sauran, a kife ta da kwando a inuwa, can nesa da akurki, inda sanyin dare ba zai buge ta ba. Ba gobe ba, yanzu. A ba ta kaskon ruwanta daban, na tsakinta daban. Cutar tana bin kashi, da majina, da ruwan sha, da hannun mutum, har da takalminsa.

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka mu sake. In kwandon yana jingine da akurki, ba a ware ta ba. In 'yan tsaki suna zuwa cin abin da ta rage, ba a ware ta ba. In da magariba aka ji tausayinta aka mayar da ita cikin 'yan uwanta, aikin yini ya tashi a banza. Kada ku karaya, kowa da haka ya fara. A fara ciyar da masu lafiya, sannan a je wurinta, sannan a wanke hannu da sabulu. Ko ta miƙe tana cin abinci, sai ta ƙara mako 2, wato kwana 14, kafin ta koma. Kazar da aka sayo a kasuwa ma haka, kwana 14 ita kaɗai.

Iyayenmu mata, wannan magana an sha faɗinta a aji. Ana amsawa da "to", a koma gida a bar kaza cikin garke, bayan mako a ce annoba ce. Sakaci ne. A ware ta.

Darasi na 2: Ruwa da abinci

Zawo yana ƙarar da ruwan jiki. A tafasa ruwa lita 1, a bar shi ya huce. A zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi. A shafe bakin cokalin, kada ya yi tozo. In ba ta sha da kanta, a riƙa ɗiga mata a gefen baki kaɗan-kaɗan. Kada a ɗura, ruwan zai bi hanyar numfashi ya shaƙe ta. A jiƙa dusa ko tsakin gero ya yi laushi. Duk wannan a ƙarƙashin kwandonta, ita kaɗai.

Darasi na 3: Magani

Fakat ba ta da magani. Kafso na mutane da barkono ba sa kashe ta. Rigakafi ne kawai, kuma masu lafiya ake yi wa, kafin hunturu. LANAVET, cibiyar haɗa rigakafin dabbobi da ke Garwa a Kamaru, tana haɗa shi, sai a tambayi malamin dabbobi. In jini ne a kashi, wata cutar hanji ce mai magani, shi zai faɗi awo.

Darasi na 4: In ta mutu

A haƙa rami mai zurfi a binne ta, ko a ƙone. Kada a jefa a bola, kada a ci. In kaji da yawa suka mutu farat ɗaya, a sanar da malamin dabbobi a ranar, don an taɓa samun murar tsuntsaye a Marwa a 2006.

Darasi na 5: Akurki

A share, a ƙone sharar, a barbaɗa toka.