Neman sikolashif na mastas a fannin kasuwanci daga nan Kaduna, da abin da ke jiranka wajen bincike

Jama'a kafin a zo maganar kuɗi, ka fara tsayar da wane mastas kake so, don nan ne yawancin yaranmu ke ɓata shekara guda a banza. MBA na ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu son ƙarin gogewa ko ƙarin girma a ofis, MSc kuwa shi ne hanyar bincike, shi ke kai mutum PhD da koyarwa a jami'a, kuma masu ba da tallafi sun fi sakin hannu a kansa. In HND gare ka ko digirinka bai yi ƙarfi ba, galibi sai ka bi ta PGD tukuna, wato difloma ta share fagen mastas, ko a KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) ko a ABU Zariya.

Takardu ka fara da su tun yau, ba sai an buɗe fom ba. Satifiket na bautar ƙasa, fasfo da bai kusa mutuwa ba, da kuma tiranskirif, wato takardar makin duk darussan da ka yi a makaranta, wanda shi ne ke cin rai, yana iya ɗaukar watanni kafin ya fito. Malamai biyu da suka san ka sosai ka je ka gaishe su da kanka, ka ce ranka ya daɗe ga abin da nake nema, ka bar musu CV ɗinka, kar ka bari sai saura kwana biyu ka turo saƙo ta WhatsApp kana roƙon wasiƙar shaida, wallahi ba ladabi ba ne kuma wasiƙar ma ba za ta yi armashi ba.

Ƙofofin kuwa akwai su. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan mastas na shekara ɗaya, tana son ka yi aiki na aƙalla shekara biyu, awa 2,800 suke lissafawa, kuma sai ka dawo gida ka zauna shekara biyu bayan ka gama. Wajen watan Agusta suke buɗewa, amma ka lura, in MBA ne akwai iyakar kuɗin makaranta da suke biya, ragowar kai za ka nemo. Akwai Commonwealth, akwai DAAD ta Jamus, akwai Mastercard Foundation da ke bi ta jami'o'in da suka ƙulla da ita. PTDF, asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, ta fi karkata ga abin da ya shafi mai da makamashi. In kai lakcara ne a makarantar gwamnati to TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ita ce taka, amma ta ofishin makarantarku ake bi. Ka riƙa leƙa hukumar sikolashif ta jihar Kaduna ita ma. Wasu makarantun waje za su nemi IELTS (jarrabawar Turanci) ko GMAT (jarrabawar shiga makarantun kasuwanci), ka duba shafin kowace da idonka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gurbi, ɗan damfara ne, ka rufe layinsa.

Yanzu abin da ya fi damuna, batun bincike. Mutum ɗan Kaduna, ya tashi yana ganin masaƙun Kakuri a rufe, yana wuce Panteka kullum inda maƙera ke ƙera injin niƙa da ƙofofi ba tare da bashin banki ba, yana ganin masu POS a kowace kwana ta Kawo da Tudun Wada, amma in ya zo rubuta furofozal, wato bayanin binciken da yake son yi, sai ya kwafo take daga intanet wanda ɗalibai ɗari suka riga suka yi. Haba ɗan'uwa. Wanda ke tantance takardu ya gaji da irin waɗannan, abin da zai tsayar da shi shi ne tambaya ƙarama wadda kai ka san ƙafarta, misali me ya sa 'yan gwanjon Kasuwar Barci suka fi yarda da adashi a kan bankin ƙananan rance, ko yaya matan da ke sana'a a cikin gida suke tsayar da farashi in kaya sun tashi. Tambaya ɗaya, wa za ka tambaya, a ina, cikin wata nawa, shi ke nan. 'Yan'uwa mata ma ku kun fi mu dama a nan, don gidajen da za ku shiga ku yi hira namiji ba zai shiga ba.

In ka samu shiga, ka sani karatun aji shi ne mai sauƙin, rubutun ne ke riƙe mutane shekaru. Sufabaiza ka riƙa kai masa aiki kaɗan-kaɗan kana rubuta duk gyaran da ya faɗa a gabansa, kar ka ɓace wata shida ka dawo da babi uku. Ka sa manhajar Zotero a kwamfutarka tun makon farko ya riƙa tara maka madogara, ka koyi manhajar lissafin alƙaluma ta SPSS ko Stata da hannunka, don wanda ya biya aka yi masa lissafi ranar difens, wato ranar kare aikinsa gaban malamai, ake gane shi, tambaya ɗaya malamin waje zai yi ya daburce. Alƙaluma kyauta suna nan a shafin Babban Bankin Najeriya (CBN) da na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS), rahoton shekara na kamfanoni kuma a shafin kasuwar hannun jari (NGX). Kwafen aikin wani kuwa manhajar Turnitin na kama shi.

In za ka shiga kasuwa da takardar tambayoyi, fara da shugaban layi ko sarkin kasuwa, ka fassara tambayoyin da Hausa, ka faɗa musu ƙarara cewa ba daga masu haraji kake ba, kuma kar ka je lokacin ciniki, bayan Azahar ya fi. Ka ware kuɗin mota da na buga takardu da na data tun farko, sannan duk daren Allah ka tura aikinka imel ɗinka ko Google Drive saboda wuta da ɓarayin waya.